Ra'ayinmu: A Sayi Littafi Tare da Na'ura

A yau na'ura mai ƙwaƙwalwa, wato kwamfuta, ta shiga ma'aikatunmu da makarantunmu. Amma na'ura ba ta da hankalin kanta. Umurnin da mutum ya rubuta mata shi take bi. Ƙasar da ba ta da masu rubuta wannan umurni, aikin waje za ta yi ta saye, idan ya lalace kuma ta zauna jiran mai shi. Wannan ilimi kuwa tushensa yana cikin littattafai kaɗan, waɗanda ya kamata hukumomi su san sunansu.

Mai farawa zai iya kama littafin Gérard Swinnen, wani malamin lakwal ɗan ƙasar Beljiyam, mai suna Apprendre à programmer avec Python. Da Faransanci aka rubuta shi, kuma ana samunsa kyauta a intanet.

Daga nan sai littafin Brian Kernighan da Dennis Ritchie, wanda ya fito a 1978, aka sake gyara shi a 1988. An fassara shi da sunan Le langage C. Bai kai shafi 300 ba, amma harshen da yake koyarwa da shi aka rubuta zuciyar Linux, wadda wayoyin Android suke aiki a kanta.

Na uku shi ne Introduction to Algorithms na Cormen da Leiserson da Rivest, wanda ya fito a 1990, shi ma akwai shi da Faransanci. Yana koyar da hanyoyin warware matsala mataki-mataki. Ga misali: a nemi suna ɗaya cikin sunaye miliyan guda da aka jera bisa haruffa. Mai bin su ɗai-ɗai yana iya duba miliyan ɗin duka. Mai raba jerin biyu a kowane karo, dubawa 20 ta ishe shi. Kalmar algoritim kanta daga sunan Muhammad bin Musa Alkawarizmi ta samo asali, masanin lissafin Bagadaza na ƙarni na 9.

Masu zurfafa bincike kuma suna da The Art of Computer Programming na Donald Knuth, wanda juzu'insa na farko ya fito a 1968.

Wani zai ce waɗannan littattafai sun tsufa. Hausawa sun ce da tsohuwar zuma ake magani. Na'ura takan tsufa cikin ƴan shekaru, ƙura da zafi su ƙarasa ta, amma hanyar lissafin da aka koya ba ta lalacewa.

Saboda haka muna kira ga hukumomi: duk lokacin da aka ware kuɗin sayen na'urori, a ware na littattafai tare, a ajiye su a ɗakunan karatu na jami'o'in Yamai da Maraɗi da Damagaram da Tawa, inda ɗan talaka zai iya aro. Malaman lissafi da masu fassara su zauna su daidaita kalmomin wannan fanni da Hausa. Iyaye kuma, musamman waɗanda suka yi yaƙi da jahilci, su tsaya wa ƴaƴansu a kan lissafi, domin da alli da allo ake fara wannan karatu tun kafin a taɓa na'ura. Allah ya taimake mu.