Kada a Raina Wuri

Yara da yawa sukan tsinci wuri a kufai ko a tsohuwar kasuwa, su yi wasa da shi, su yar. Wannan kuskure ne. Wuri ya cancanci a adana shi, a kuma san labarinsa.

Wuri ɗakin wata 'yar halitta ce ta cikin teku, dangin dodon koɗi. Tsawonta bai kai na ɗan yatsa ba. Tana zaune a ruwa mara zurfi, tana cin gansakuka. Inda aka fi samunta shi ne tsibiran Maldif, a Tekun Indiya. A da, mutanen can sukan jefa ganyen kwakwa a ruwa, sai ta hau ta manne. Sa'an nan su jawo ganyen, su shanya a rana har naman ya ruɓe, su wanke ɓawon. Daga nan jiragen ruwa da fatake suka yi ta kawo shi Afirka.

Tarihin Kano ya nuna wuri ya shigo ƙasar Hausa a zamanin Sarki Muhammadu Sharefa, wanda ya yi sarauta daga 1703 zuwa 1731. A 1851, sa'ad da Bature Barth ya zo Kano, wuri 2,500 ne canjin riyal guda na azurfa. Wuri 20,000 shi a ke kira keso.

Gaskiya ne wuri yana da wahala. Keso guda ya ishi ƙato kaya, ƙirga shi kuma yakan ci lokaci. Amma ba ya tsatsa, gara ba ta cinsa, maƙeri kuma ba ya iya ƙera na jabu. A wancan zamani, da shi talaka ya ke sayen gishiri da daddawa, komai ƙanƙantar cinikin.

Wani zai ce, kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba. To, amma ita kanta kalmar kuɗi asalinta jam'in wuri ce. Yaron da bai san wuri ba, bai san tushen kalmar da ya ke faɗi kullum ba.

Saboda haka ya kamata wanda ya tsinci wuri ya wanke shi, ya kai wa malaminsa. Kowace makaranta ta tanadi ɗan akwati na ajiye shi, domin 'yan baya su gani da idonsu, su taɓa da hannunsu.