Jinin Haɗejiya Yana Wuyan Wa?

'Yan'uwa cikin Almasihu, daga Garki zuwa Haɗejiya ba nisa. A watan Afrilu 1906, zamanin Lugard, sojojin Ingila suka auka wa garin nan, suka kashe Sarki Muhammadu da jama'arsa masu yawa. Waɗansunmu sukan kau da kai, wai daga ƙasar nan aka aiko mana masu bishara. Wannan ba hujja ba ce. Ahab sarki ne, amma Allah bai ƙyale shi a kan jinin Nabot ba. Babbar ƙasa ma sai ta amsa laifinta, ta nemi gafara. Mu kuwa kada mu yi shiru, gama kakannin maƙwabtanmu aka kashe.