Duk Jaruman Namu Likitoci Ne, Ina Ɗan Fiziks?

Rubutun wannan makon zai sosa wa wasu rai, amma gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Ku ɗauko littattafai goma cikin waɗanda ake sakin su shafi-shafi a WhatsApp, ku duba sana'ar jarumin. Likita ne mai asibitin kansa, ko barista, ko soja mai ɗaurarriyar fuska, ko ɗan Alhaji da ya dawo daga Ingila babu wanda ya san abin da ya karanto. Mun daɗe muna cigiyar littafin da jaruminsa ya karanta fiziks, har yau shiru. Idan ma ya leƙo cikin labari, to shi ne malamin nan mai koɗaɗɗiyar riga wanda aka hana shi yarinya.

Wannan hoton ba a takarda yake tsayawa ba. A lungunan Yakasai da Mandawari, yaro ya nemi likitanci a JAMB, jami'a ta ba shi fiziks, sai gida ya ɗauka kamar an yi rashi. Ƙanwarsa da ke karanta littattafan nan ta riga ta san matsayinsa. Shi ma haka zai shiga aji da karyayyar zuciya, yana jiran wata shekara ya sake jarrabawa. Marubucin da ya ce babu ruwansa da wannan, ya raina alƙalaminsa.

Alhali akwai karatun da ya haɗa fiziks da aikin injiniya a digiri guda. Jami'ar Obafemi Awolowo da ke Ile-Ife tana bayar da shi. Ɗalibi yana koyon dalilin abu, yadda zafi ke ratsa bango, yadda haske ke komawa lantarki, sannan ya koyi ƙera abin da zai yi aiki da wannan ilimin. Mu da muka fito daga foliteknik an koya mana haɗa waya da gwada ta, kuma muna alfahari da hakan. Amma in aka tambayi dalili, akwai inda difloma take tsayawa, daga nan sai wancan.

Kuma birnin nan cike yake da tambayoyinsa. Me ya sa soron kakanninmu na tubali da azara yake da sanyi da azahar, ɗakin bulo da kwano kuwa ya zama tanda? Katangar ƙasa mai kauri tana shan zafin rana a hankali, kafin ya ratso ciki dare ya yi. Ana ta rushe irin waɗannan gidaje ana dasa bulo, sannan a koma neman fanka da wutar da babu. Ga sola da ta cika rufin gidaje. Faifan sola haske yake so, zafi kuwa cutar da shi yake yi: duk digiri ɗaya da ya ƙaru a kan 25, yana rasa wajen kashi 0.4 cikin ɗari na ƙarfinsa, kuma a watan Afrilu na Kano faifan da aka manna a jikin kwano yana iya wuce digiri 60. Ƙurar hunturu ta zo ta ƙara nata. Magidanci ya tara kuɗin shekara ya sa sola, ba ta kai shi asuba, shi da mai haɗawar suna ta rantse-rantse a ƙofar gida. A ce wannan ba labari ba ne?

Za a ce mana mai karatu soyayya yake so. To wa ya ce ɗan fiziks ba ya soyayya? Za a kuma ce ƙarshensa koyarwa ce da albashin da ba ya kai wata. Sau da yawa haka ne. Ai nan ma labarin yake: mutumin da ya san abin da zai gyara unguwarsu, amma babu mai saurarensa sai 'yan aji uku na sakandare. Wannan ya fi likitan da ba mu taɓa ganin ya duba marar lafiya ba tun daga shafin farko har na ƙarshe.

Ba ma sai an ƙirƙiro ba. A 2007 jaridun duniya sun ɗauki labarin Mubarak Muhammad Abdullahi, ɗalibin fiziks a Jami'ar Bayero, ɗan shekara 24, wanda ya haɗa jirgi mai saukar ungulu da injin Honda Civic da kujerun tsohuwar Toyota, da kuɗin da yake samu a gyaran waya da kwamfuta. Jirgin bai wuce ƙafa 7 daga ƙasa ba. Masu dariya sun yi. Mu abin da ya dame mu shi ne, wata takwas ɗin da ya yi yana wannan aiki, da surutun maƙwabta, da zullumin ranar gwaji, sun isa littafi guda, kuma ba mu gan shi a kasuwa ba. Haka Abdou Moumouni, haifaffen Tasawa a 1929, masanin fiziks da ya jagoranci binciken makamashin rana a Nijar, wanda Jami'ar Yamai ke ɗauke da sunansa. Tun 1977 Kano ta buɗe makarantun kimiyya na Dawakin Tofa da Dawakin Kudu. Ɗaliban farko sun yi furfura, adabinmu bai san da zamansu ba.

Sai dai gargaɗi ɗaya. Kada wani ya ji wannan ya je ya rubuto mana "babban masanin kimiyya" da ya ƙera na'urar da ba a faɗi aikinta ba, cikin dare ɗaya, Amurka ta aiko masa da jirgi. Wannan ɗan Alhajin nan ne dai aka sauya wa riga. Wanda zai rubuta, ya nemi ɗalibi ɗan aji uku a sashen fiziks, ya zauna da shi, ya ji kwas ɗin da ke kayar da su, da nawa ake kashewa a aikin kammalawa, da abin da mahaifiyarsa ta ce ranar da sunansa ya fito. Tsohon mazaunin Jami'ar Bayero yana nan bayan badala, kuɗin adaidaita ɗaya ne daga Mandawari.