Ra'ayinmu: Jitar Mdou Moctar da Masu Cewa Ya Sayar da Kansa

A hutun da ya wuce, a wata rumfar masu tura waƙoƙi a waya da ke bakin titin Abuja a Gonin Gora, gardama ta kaure tsakanin wasu ɗalibai a kan Mdou Moctar, makaɗin nan Buzu na jihar Tawa a Jamhuriyar Nijar. Wasu suka ce tun da ya fara zuwa Amurka kiɗansa ya tashi daga namu, ya koma hayaniyar Turawa. Mu ba mu yarda da wannan hukunci ba.

Gaskiya ne sautin ya sauya ƙwarai. Faifansa na farko, Anar, a Sakkwato aka ɗauke shi a 2008, da muryar da na'ura ta lanƙwasa irin ta waƙoƙin finafinan Hausa. Wanda ya saurari wannan, sa'an nan ya sa Ilana na 2019, wanda aka ɗauka a Amurka, ko Afrique Victime na 2021, zai ji jitar lantarki tana kururuwa tana juyi, ganguna suna sukuwa, har kai ya ɗauki jiri. Wannan salo shi ake kira rok na saikedelik.

Irin wannan juyi ba a kansa aka fara ba. Akwai wani kiɗa mai nauyi da ake ce wa dum-metal, mai tafiyar hawainiya da baƙin ciki, wanda ya samo tushe daga ƙungiyar Black Sabbath ta Ingila. Ƙungiyar Trouble ta yankin Shikago tana cikin waɗanda suka raya shi da faifansu na 1984, amma a 1992 suka fito da Manic Frustration, inda suka ƙara sauri, suka karkata ga saikedelik. Makaɗi da ya shekara takwas yana abu guda, dole hannunsa ya nemi wata hanya.

Abin tambaya a wurin Mdou shi ne, me ya zubar a hanya? Harshe dai bai zubar ba, da Buzanci yake waƙa har yanzu. Bakinsa ma ƙara kaifi ya yi. A faifan Funeral for Justice na 2024 ya ambaci Faransa da sunanta, ƙasar da ta shafe shekaru tana kwasar yuraniyom a Arlit alhali ƙauyukan Nijar suna kwana cikin duhu, kuma ya gargaɗi 'yan'uwansa kada su bar harshensu ya mutu. Wanda ya sayar da kansa ba ya faɗa wa mai saye irin wannan magana.

Sa'an nan, 'yan'uwa, mu dubi kanmu. Waƙoƙin Anar ta katin waya suka bazu, daga hannu zuwa hannu, kuma a irin wannan ciniki mai rumfa ne ke karɓar kuɗi, makaɗi sai dai yabo. Wani Ba'amurke, Christopher Kirkley, shi ya tsinci waƙar a waya, ya bi sawu har ya gano mai ita, ya fitar da ita a kamfaninsa na Sahel Sounds. Mu da aka yi faifan a gidanmu, ba mu neme shi ba. Ko ɗaliban da suka fi ɗaga murya a rumfar nan ta Gonin Gora, da gardama ta lafa, faifan 2024 ɗin suka ce a tura masu, suka biya mai rumfa suka tafi.