Tekun Narkakken Dutse da Ɓawon Wata

A gidan ajiyar duwatsu na Alƙahira akwai wata 'yar tsakuwa wadda mutanen kumbon Apollo 17 suka ɗebo daga wata a 1972, Amurka ta ba Masar kyauta.

Masana sun ce da fari, fiye da shekara miliyan 4,000 da suka wuce, fuskar wata duk teku ce ta narkakken dutse. Da ta soma hucewa, ma'adinai masu nauyi suka nutse, wani fari marar nauyi kuwa ya taso, kamar yadda mai ke tasowa in an kaɗa nono, ya daskare ya zama ɓawo.

A 1970 wannan hasashe ne kurum. Sai a 1977 Walker da Hays suka narka dutse cikin tanderu a Amurka, suka ga farin nan ya taso da gaske.

To, tanderu bai kai kumbo tsada ba. Faruk el-Baz ɗalibin jami'ar Ain Shams ne, amma sai da ya ƙetare zuwa Amurka kana ya taimaka wajen zaɓen masaukin Apollo. Ya kamata jami'o'in Alƙahira da Zariya su hura wa irinsa wutar tanderun a gida.