Waiwaye: George Soros, Ɗan Dakon da Ya Karya Fam

A watan Maris na 1944 sojojin Jamus suka mamaye Hangare. George Soros yana da shekara 13, Bayahude ne a Budapest, a daidai lokacin da ake loda Yahudawa a jiragen ƙasa zuwa sansanonin kisa. Mahaifinsa, Tivadar, lauya ne da ya taɓa tserewa daga sansanin fursunonin yaƙi a Siberiya, don haka ya san in kiɗa ya canza, dole rawa ta canza. Ya samo wa iyalinsa takardun jabu masu sunayen Kirista, ya rarraba su gidaje daban-daban. Da haka suka tsira.

A 1947 yaron ya isa Ingila, ba shi da ko sisi. Ya yi dako a tashar jirgin ƙasa, ya yi aikin kai abinci teburi, yana kuma karatu a London School of Economics. Can ya haɗu da masanin falsafa Karl Popper, wanda ke koyar da cewa babu mai gaskiya shi kaɗai, kuma al'ummar da take barin a faɗa wa shugabanni kuskurensu ita ke daɗewa. A kwanakin nan na talauci wata ƙungiyar agaji ta 'yan Quaker ta ba shi fam 40. Bai manta ba.

A 1956 ya ƙaura New York. Sana'ar da ya ƙware a kai ita ce masu hannu da shuni su tara kuɗinsu a hannun mutum ɗaya, shi kuma ya juya su, ya ci riba ko farashi ya hau ko ya faɗi. Asusunsa, Quantum, ya yi suna a nan. Riba a faɗuwar farashi kuwa tamkar mutum ne ya ranci buhun masara da bazara, ya sayar da tsada, kaka ta yi ya saya da araha ya mayar wa mai shi. Abin da ya yi wa kuɗin Ingila ke nan. Ya hango cewa gwamnati ta ɗaure darajar fam a inda ba za ta iya riƙe ta ba, sai ya ranci fam na kimanin dala biliyan 10 ya sayar. Ranar 16 ga Satumba 1992 gwamnati ta ɗaga kuɗin ruwa daga kashi 10 zuwa 12, ta ma sanar da 15, amma ina! Da yamma ta saduda. Soros ya tashi da ribar kusan dala biliyan ɗaya.

Ba zan wanke shi a nan ba. Duk wanda ya taɓa kwana da albashi a aljihu ya wayi gari naira ta zube ya san wa ke biyan irin wannan riba. Hujjarsa ita ce ko da shi ko babu shi fam zai faɗi. Mai yiwuwa ne, amma hankalina bai kwanta da ita ba.

Inda nake sara masa shi ne yadda yake kyauta. A 1979 ya fara da biya wa ɗalibai baƙar fata kuɗin karatu a Jami'ar Cape Town, wariyar launin fata na kan ganiyarta. A 1984 ya kafa gidauniya a Hangare, kuma cikin abin da ta fara rabawa har da injinan kwafin takardu. A lokacin mulkin kwaminisanci inji irin wannan a kulle yake, sai da izini ake kwafar shafi ɗaya. Sai ga shi a ɗakunan karatu, malami ya aza takarda, haske ya gifta, kwafi ya fito da ɗuminsa, ba wanda ya tambaye shi me ya rubuta. Mutumin da takarda ta ceci ransa ya san darajar takarda. Abin da na koya ke nan: ya fara duba abin da aka kulle wa mutane kafin ya sa hannu a aljihu. Masu kuɗinmu da yawa sun fi son kyautar da za a kira taro a ɗauki hoto.

Jimillar abin da ya bai wa gidauniyoyinsa na Open Society ta haura dala biliyan 32. A 1991 ya kafa jami'ar Central European University. Cikin matasan da gidauniyarsa ta tura karatu Oxford a 1989 akwai Viktor Orbán, wanda daga baya ya zama firaministan Hangare. Gwamnatin Orbán ɗin ce ta matsa wa jami'ar lamba har ta bar Budapest, garin da aka haifi Soros, ta koma Vienna a 2019.