Asusunka yana rumbun wani, makullinsa yana hannun wa?

Akwai maganar da ta zama ruwan dare a bakin 'yan boko da masu harkar kwamfuta: wai duk wanda aka shiga asusunsa na intanet, sakacinsa ne, tunda shi ya ba wani kalmar sirrinsa. Wannan hukunci zalunci ne, kuma an bar jaki ne ana dukan taiki. Kafin a ɗora wa ɗan kasuwar Malanville laifi, sai a fara sanin inda asusun nan yake zaune, da wanda ke riƙe da ikonsa.

Ɗalibi ya fara da rarrabe abubuwa uku da harshenmu na yau da kullum yake cuɗa su wuri ɗaya. Na farko shi ne asusu, wato layi guda a cikin rumbun bayanai, mai ɗauke da sunanka da lambar wayarka ko adireshin imel. Na biyu shi ne tantancewa, wato hanyar da manhaja ke bi ta gane kai ne. Na uku shi ne izini, wato abin da aka yarda ka gani ko ka taɓa bayan an gane ka. Zauren intanet kamar zauren gidan sarki yake. Dogari zai iya shaida fuskarka, amma shaidar fuska ba ta kai ka turaka.

Duk ukun nan ana ajiye su ne a babbar kwamfutar mai zauren, wadda ake kira uwar garke. Ɗauki WordPress, manhajar da fiye da kashi 40 cikin 100 na shafukan duniya ke amfani da ita. Tana zuba sunayen masu shiga a wani jadawali mai suna wp_users, matsayin kowa kuma a wani jadawalin daban, wp_usermeta. Matsayi biyar ta tanada, tun daga mai gudanarwa wanda zai iya share kowa, har zuwa mai karatu wanda bai da iko sai kan bayanin kansa. Manyan ma'aikatu sukan tattara sunaye a kundi guda, irin Active Directory na kamfanin Microsoft da ya fito tare da Windows 2000, sai kowace manhaja ta riƙa zuwa can tana tambaya. Abin da ke cikin wayarka ɗan tikiti ne kawai na wucin gadi, wanda mai rumbu zai iya soke shi duk sa'ad da ya ga dama.

Ita kanta kalmar sirri, manhajar kirki ba ta ajiye ta yadda ka rubuta. Niƙa ta take yi da lissafi, kamar yadda ake mayar da gero gari, ba kuwa a mayar da gari tsaba. Idan ka dawo ka rubuta, sai a sake niƙawa a gwada gari da gari. Masu lura sukan ƙara wa kowace kalma wasu baƙaƙe na daban kafin niƙa, abin da masana ke kira gishiri, domin kada kalmomi biyu iri ɗaya su ba da gari iri ɗaya. A 2012 an sace niƙaƙƙun kalmomin sirri kimanin miliyan 6.5 daga LinkedIn, waɗanda ba a sa musu gishirin ba, aka kuwa warware da yawa cikin 'yan kwanaki. A 2016 ta bayyana cewa asusun da abin ya shafa sun haura miliyan 100. A cikin waɗannan mutane, wa ya ba mai shago kalmar sirrinsa? Ɓarakar daga rumbu ta fito, kuma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Yanzu mu sauka bakin kogi. Malanville tana jihar Alibori a arewacin Jamhuriyar Benin, fiye da kilomita 700 daga Kwatano, gada ce tsakaninta da Gaya ta Nijar. Kasuwarta na cikin mafi girma a ƙasar, kuma da Dendi da Zabarmanci da Hausa da Fillanci ake ciniki a cikinta. Daga Nuwamba 2017 zuwa Afrilu 2018 gwamnati ta yi rajistar jama'a da hoto da zanen yatsu, aka rubuta fiye da mutum miliyan 10, hukumar ANIP kuma ita ke ba kowa lambarsa ta shaida. A 2020 aka buɗe zauren service-public.bj da taimakon ƙwararru daga Istoniya, inda ake neman takardu irin su shaidar rashin laifi ba tare da doguwar tafiya ba. Wannan ci gaba ne, ba mai musun haka. Sai dai harshen hukuma Faransanci ne, mai sayar da albasa kuwa da wuya ya karanta shi. Ina zai nufa in ba shagon mai kwamfuta ba?

A nan ne haɗarin yake. Idan mai shago ya buɗe wa mutum asusu da imel ɗinsa shi mai shagon, ko da lambar wayarsa, to duk ranar da aka manta kalmar sirri, wurinsa saƙon sabuntawa zai je. A idon manhaja, mai riƙe da wannan hanya shi ne mai asusu. Sunan naka ne, makullin nasa, zanen aro kuwa ba ya rufe katara. In ya rufe shago, ko ya ƙaura, ko zuciyarsa ta karkata, sai ka wayi gari baƙo a ƙofar sunanka.

Masu zargi za su ce kowa ya koyi yi da kansa. Suna magana kamar ba su san yadda ake fatauci a ƙasar nan ba. Tun zamanin ayarin goro na Gwanja, baƙo yana da mai masauki, mai kaya yana da dillali, kuma kowa ya san iyakar wakilcinsa. Su kansu jami'an duwan, wato kwastan, sun amince da haka. A manhajar SYDONIA, wadda hukumar ciniki ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙera, wakilin fito da kaya mai lasisi yana shiga da asusunsa, ya cika takarda a madadin mai kaya, sawunsa kuma yana nan a rubuce. Abin da aka yi wa mai tirela, me ya hana a yi wa mai neman takardar haihuwar ɗansa? Duk zauren da bai tanadi matsayin wakili ba, shi ne ke tura talaka miƙa makulli gaba ɗaya. Ƙara matsayi a jadawalin izini aiki ne da kowane injiniya ya iya, hukunci kawai yake jira.

Akwai kuma waɗanda ke ganin da zarar an girke uwar garke a cikin ƙasa magana ta ƙare. Wurin ajiya yana da muhimmanci. Tun 2018 wata doka a Amurka ta ba hukumominta damar neman bayanai daga kamfanonin ƙasar ko da a waje suka ajiye su, kuma Benin ta yi daidai da ta gina cibiyar adana bayanai ta ƙasa a Abomey-Calavi. Amma katanga ba ta tsare gida daga mai riƙe da makullin ciki. Mai gudanarwa ɗaya da ba a bibiyar sawunsa ya fi ɓarawon ƙetare iya ɓarna. Ga kuma darasin iyaka: bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 a Yamai an rufe gadar nan, mutanen da jiya suke zirga-zirga suka ga yadda izinin wucewa ke ɗauke a dare ɗaya. Izinin da ke cikin rumbu ma haka yake, canza layi guda ne.

Doka tana nan. Benin ta zartar da kundin dokar fasahar zamani mai lamba 2017-20 a ranar 20 ga Afrilu 2018, hukumar APDP kuma ita ke kula da kare bayanan mutane. Saboda haka ɗalibin da ya iya karatu yana da aiki a gabansa. Idan ka raka kawunka ko innarka shagon kwamfuta, ka tsaya kai da fata a sa lambar wayarsu, a canza kalmar sirri da hannunsu, a kuma fita daga asusun kafin a tashi. Idan kuma ka zauna da masu tsara irin waɗannan zauruka, ka tambaye su inda rumbun yake, da yawan masu ikon buɗe shi, da wanda ke karanta littafin sawunsu. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.